Yadda Jinina Ya Fi na Kowa a Sara

Ni ban taɓa zama a aji ba. Baƙin boko ko ɗaya ban sani ba, in ka ajiye min takarda sai in ƙunshe ƙuli-ƙuli a ciki. Amma baki kam, alhamdu lillahi, Allah ya ba ni. A ƙasar Sara in ana biki ko suna, abu biyu ake nemana dominsu, tukunyar miya da labari. Wannan ma da baki nake faɗa wata tana ɗorawa a takarda, na kuma ja mata kunne kada ta gyara min magana.

Duk da haka ni na haifi wadda ake ce wa farfesa. 'Yar farina ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Haka muka taso muka tarar a gidanmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama da shi a tabarma ɗaya, ba a haɗa ido da shi, in da magana sai a bi ta bakin wani. Ana yaye ta yayar babanta ta zo ta goya ta zuwa Birnin Kudu, can aka sa ta a makaranta. Ni nono na ba ta, sai kuma ƙwaƙwalwa, don dangin babanta, Allah ya jiƙansa, mutanen kirki ne amma ba a san su da kaifin kai ba. In ta zo gida ba ta ce min Inna. Yaya take ce min, yadda ta ji ƙanwata tana faɗa, ƙanwar tawa kuma ita take ce wa Inna. Ni kuma in zan ambace ta sai in ce waccan.

Da labari ya zo waccan ta zama likita, mata suka fara sintiri a gidana. Mai ciwon gwiwa, mai tari, mai ƙaiƙayi, kowa so take a ce mata ta aiko da allura. Na riƙa karɓar saƙo ina gyaɗa kai kamar hakimi. Can bayan wasu shekaru ƙanwata, wadda muke gida ɗaya da ita tun da mazanmu suka rasu, ta dawo daga Kano ta ce min ai waccan ta koma jami'a, yanzu bincike take yi. Binciken da na sani shi ne na ranar da aka sace akuyar mai unguwa, aka bi gida-gida ana ɗaga gado. Na ja ƙanwata gefe na ce ta tambayo min a asirce me ya ɓata, wa kuma ake zargi.

Sai da ta gama dariyarta, har da riƙe ciki, sannan ta yi min bayani. Abin da waccan ke nema shi ne abin da ke sa jinin mutum ya hau, da yadda za a gane shi kafin ya kayar da mai shi. Mutane da yawa sun ɗauka ciwon masu kuɗi ne, na alhazan birni masu tumbi da ke yini a mota. Mu da ke yini da fartanya aka ce ba ruwanmu. Waccan ta ce ba ta yarda ba sai ta gani da idonta. Wannan halin kam na san inda ta samo shi.

Haka ta kwashi ɗalibanta suka shiga ƙauyuka. Yau a ce suna Kiyako, wani satin a ce suna Unguwar Ya, wani satin Gwaram. In sun je sai su kafa rumfa a bakin kasuwa, su ɗaura wa mutum wani ƙyalle a damtse, su matsa 'yar roba ƙyallen ya kumbura, su saurara, su tambaye shi abin da yake ci da yawan gishirin da ake sa masa a miya. Suka tarar da ciwon a jikin manoma, a jikin mata masu tallan nono, a jikin tsofaffin da ba su taɓa shiga mota mai sanyi ba. Ta rubuta abin da ta gani, aka ce har a ƙasashen waje ana karantawa, ana kiran ta a jirgi ta je ta yi musu bayani. Waɗanda ta koyar kuma suka watsu a asibitoci, kowa ya ɗauki wani reshe na aikin yana bi. Ni dai rubutun da na san yana magani shi ne na allo, don haka na tambayi ƙanwata ko nata ma wankewa ake a sha. Ta ce in rufa wa kaina asiri kada in faɗi haka a waje.

Wata rana da hantsi muna zaune da baƙi sai ga muryar waccan a rediyo. Na miƙe na bar ɗakin, yadda ya kamata uwa mai kunya ta yi. Matan suka yaba. Ba su san bayan taga na zagaya na tsaya ba, har ƙafata ta yi tsami. Rabin abin da ta faɗa bai shiga kaina ba, don kunnena yana kan yadda take jera magana ba gargada, ina cewa a raina wannan harshen nawa ne. Da na tsaya na ji ma'anar da na huta da abin da ya biyo baya.

Sai ga shi an ce rumfar za ta zo Sara ranar kasuwa. Ita ba ta zo ba, ta wuce Gwaram da sauran ɗaliban, don ta san in tana wurin ba zan taka ba. Na ci ado. Na ɗauko zanen da nake zuwa ɗaurin aure da shi, na sa kwalli, na tafi a hankali don kowa ya samu damar ganina. Na tarar da layi, amma ana hango ni aka ce a ba uwar farfesa hanya. Na ce a'a, a'a, ni wace ce, ina faɗa ina wucewa gaba.

Wata ɗaliba siririya mai gilashi ta zaunar da ni, ta ɗaura min ƙyallen. Ya matse ni kamar za a tsinke hannun, ban nuna ba. Ta duba, ta kwance, ta ce in huta, ta sake ɗaurawa. Ta koma ɗaya hannun. Sannan ta kira wani abokin aikinta suka yi ƙus-ƙus da Turanci. Ta tambaye ni ko ina jin ciwon kai, na ce wace mace mai iyali ce ba ta ji. Ta tambaya ko ƙeyata tana nauyi, na ce tun ina yarinya nake ɗaukar tulu.

"Inna," ta ce, "jininki ya hau sosai. Tun safe ba mu auna wanda ya kai naki ba."

"Har da maza?"

"Har da maza, Inna."

To ku tsaya ku ji dalilina kafin ku yi min dariya. Ni duk tsawon haihuwata da rashin jini aka san ni. In na je awo sai malamar asibiti ta ja fatar idona ƙasa ta girgiza kai ta ce baiwar Allah, ba ki da jini. A haihuwar autana saura ƙiris in tafi, sai da ƙanin mijina ya ba da nasa aka ƙara min, ya kuma yi ta gorin abin har ya mutu. Na ci zogale har na gaji, na sha zoɓo don ja ne, na ci hanta duk ranar da aka samu. Mace a wurinmu jini ne arzikinta, in an ce ta yi fari fat to kowa ya san saura. Yanzu ga ni da furfura, a gaban jama'a, mai gilashi ta ce na fi kowa. Me za ku ji in ku ne?

Ta ci gaba da magana, wai lallai in je asibiti a Birnin Kudu ba tare da ɓata lokaci ba, wai in rage kaza da kaza. Na ce mata Allah ya yi albarka. A raina na ce rashi ke kai mutum asibiti, ban taɓa jin wanda yawa ya kai ba.

Kafin in isa gida rabin kasuwa ta ji. Na tsaya a rumfar masu daddawa na faɗa, na tsaya wurin masu ƙwarya na faɗa. Wadda na fi jin daɗin gaya wa ita ce matar sarkin fawa, ƙawata tun muna amare, wadda kullum sai ta ci hanta amma aka ce nata daidai yake. Na ce mata kada ta damu, abin daga Allah ne, ba a cin nama yake ba. Ta kalle ni wani iri ta ce ita fa ta ji kamar ba abin murna ba ne. Na ce haka mutane ke cewa in abu ya wuce su.

Ba a jima ba ƙwayoyi suka iso daga wurin waccan a Kano da saƙon in riƙa shan ɗaya kowace safiya. Na tambayi ƙanwata aikinsu, ta ce saukar da jini. Na ce jinin da na yi shekaru ina tarawa da ganye da wahala shi za a sauke min? Na zuba su a cikin kwalla na rufe, na ɗora wata kwallar a kai.

Sai waccan ta zo da kanta. Da safe ne, ina ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon gyaɗa. Ta zauna a gefen tabarmar ƙanwata, ƙanwata ta gyara zama a tsakaninmu, don ita ce bakinmu tun waccan tana 'yar makaranta. Sai dai ƙanwata ba ta iya kai saƙo yadda aka ba ta ba. Waccan ta yi magana a hankali, cikin ladabi, ta ce a gaya wa Yaya akwai ɗan kuskuren fahimta.

"Ta ce kin yi abin kunya a kasuwa," in ji ƙanwata.

"Inna, ni ban ce haka ba."

"Abin da kike nufi ke nan, rage miki hanya na yi."

Na ce wa ƙanwata ta gaya wa mai magana cewa ni ba a kaina aka fara yawan jini ba, kuma ban roƙi na kowa ba.

Waccan ta ce ba yawa ba ne. Ta tambaya ko Yaya ta san injin ban-ruwa na fadama. Na ce a gaya mata tun ana ban-ruwa da jigo na san fadama. Ta ce to, ruwan da ke cikin tiyo bai ƙaru ba, amma in injin ya matsa da ƙarfi, tiyon kuma ya tsufa ya ƙanƙance, wata rana sai ya fashe ko ya toshe, kuma ba ya sallama kafin ya yi. Jinin Yaya bai fi na kowa yawa ba, turo shi ake da ƙarfin da ya wuce kima, jijiyoyi suna shan wahala. Gishiri yana ƙara abin, da dunƙulen da muke jefawa a miya, da kanwa in ta yi yawa. Ta ce shekarun da ta yi tana yawo a kasuwanni, abin da ya fi ba ta tsoro shi ne mai ciwon yana jin kansa garau.

Na gane. Wallahi tun a tiyo na gane, don ba ni da toshewar kai. Amma na riga na faɗa a rumfar masu daddawa. Kuma miyata aka taɓa. Ni da ake aiko min da mota daga Gwaram in je in ɗora tukunya, a ce hannuna ne ke kashe ni? Na ce a gaya mata tiyona na da ne, ba irin na yanzu ba.

Waccan ta bar maganar tiyo. Sannan ta ce wa ƙanwata, muryarta ƙasa-ƙasa, "Inna, gaya mata ba iska ce ta kayar da Baba ba."

Wannan karon ƙanwata ba ta maimaita ba, ba ta kuma ƙara gishiri ba.

Babanta a gona ya faɗi, lokacin yankan dawa, kusa da wata tsamiya. Aka kawo shi baki a karkace, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu. Kowa ya ce mutanen tsamiya ne suka shafe shi. Muka yi turare, muka yi rubutu, aka yanka abin da aka ce a yanka. Ya daɗe a kwance, ni ke juya shi, ni ke wanke shi, idonsa biyu yana kallona yana son magana ba hali. Lokacin waccan tana karatun likita. Ta zo ta tsaya a kansa, ta tafi ba ta ce komai ba, ni kuma ban tambaye ta ba, don ba ma magana. Ashe daga ɗakin nan ta ɗauko aikin da ya kai ta ƙasashen waje. Ni a ranar na sani, ina riƙe da gyaɗa.

Ta buɗe jaka ta fito da ƙyallen awo, ta ce a roƙi Yaya ta ba ta hannu ta duba da kanta. Raina a ɓace yake, ban san da wa ba. Na ce hannun nan 'yar fari ba ta taɓa riƙe shi ba, ba kuma yau za a fara ba. Na miƙe na tafi duba akuya, akuyar da ba abin da ya same ta. Da na dawo ta tafi. Mutumiyar da ta riƙe damtsen mutanen ƙasar nan kaf, ta koma da ƙyallenta a naɗe daga gidan uwarta.

Na ɗan sha ƙwayoyin bayan nan, in ƙanwata ta tsare ni da ido. Da nauyin ƙeya ya tafi na ce na warke, na mayar da su kwalla. Miya kuwa ban rage mata komai ba.

Bayan damina aka yi suna a gidan sarkin fawa, an samu jika. Ni aka ba tukunya, wa za a ba? Rana ta ɗaga, mata sun cika tsakar gida, ina tsaye a kan miyar taushe ina ba su labarin yadda wani ango ya faɗa rijiya garin gudun surukarsa. Na ɗebo miya na ɗanɗana, na ji an tsuga mata ruwa a bayan idona. Na juya zan gaya wa matar sarkin fawa abin da ya dace da ita. Ludayin ya zame daga hannuna ya faɗa tukunya. Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba, kamar mai magana da tuwo mai zafi a baki.

Matan suka fashe da dariya. Sun ɗauka angon nake kwaikwaya, don na saba yi musu muryoyi. Na sake gwadawa, suka ƙara dariya, wata har tana tafawa. Ƙanwata ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ture su ta zo ta kama fuskata ta duba bakina, ta ce a nemo mota yanzu, a kuma kira Kano.

A hanyar Birnin Kudu ba mutuwa nake tsoro ba, wannan kowa da ranarsa. Abin da na hango shi ne ni a kwance ido biyu, matar sarkin fawa tana zaune a kaina tana ba wa 'yan dubiya labarin angon nan, tana ɓata shi, tana sa rijiyar tun kafin suruka ta shigo, ni kuma ba bakin gyarawa. Na riƙa motsa harshe a cikin baki kamar mai neman ƙashin kifi. Kafin mu shiga gari ya fara sakewa. Maganar da na fara haɗawa ita ce a mayar da ni, miya tana kan wuta. Ba wanda ya kula ni.

Likitan da ya karɓe ni saurayi ne mai sanƙo tun da ƙuruciya. Ya sa na ɗaga hannu, na yi murmushin dole, na bi yatsansa da ido. Ya ce na yi sa'a, ƙaramin ne ya zo ya wuce, amma irinsa kan zo ne ya share wa babban hanya, sai an kwantar da ni. Da ƙanwata ta gaya masa ko ni uwar wace ce, sai ya cire hula. Ya ce ita ta koya masa aikin nan, a rumfarta ya fara ɗaura ƙyalle a kasuwar Kiyako, yanzu ma abin da yake nazari a kai daga nata ya tsiro. Ina kwance baki a ɗan karkace amma sai da na ji kaina ya ƙara girma. Na so in ce masa ƙwaƙwalwar tawa ce, harshen bai kai nan ba tukuna.

Da la'asar waccan ta iso. Na ji takunta tun daga baranda, na ji ma'aikata suna mimmiƙewa suna gaisuwa. Na juya fuska bango. Ta gaishe ni, na amsa wa bango. Sai ƙanwata, Allah ya saka mata, ta ce bari ta samo ruwan zafi. Ga ruwan zafi a fulas a gefen gado. Ta fita, ta ja malamar asibitin da likitan ta tafi da su, ta rufo ƙofa.

Tun da aka yaye ta ba mu taɓa zama mu biyu a ɗaki ba. Na ji ta buɗe jaka.

"Yaya, hannu."

Na duba bango, ba ƙanwata a jikinsa. Na ce, "A gaya wa mai tambaya hannun yana nan inda Allah ya ajiye shi."

Ta ɗauka. Yatsunta sanyi ƙalau. Ta naɗa ƙyallen ya zame, ta kwance ta sake naɗawa. Ta matsa robar, ta saki, ta sake matsawa. Ina jin hannunta yana karkarwa a kan damtsena kamar na mai zazzaɓi. Ɗalibar nan mai gilashi ma ta fi ta iyawa. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, abin ya ƙi ƙarewa, ga ƙyallen yana cizona. Ban san lokacin da na juyo ba.

"Ke da kika koya wa mutane, naki hannun ke rawa?"

Maganar ta fita tas, ba gargada ko ɗaya. Ita ce kuma maganar da na fara yi mata kai tsaye tun da na haife ta, ga shi faɗa ne. Ta ɗago ta kalle ni. Ashe idon mahaifiyata gare ta, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ta yi wata dariya da ruwa a ido, ta goge da gefen mayafi, ta ce in daina magana, awo ba ya son surutu. Na ce to ta yi sauri. A karo na gaba ta samu.

Ta ce har yanzu yana sama. Ta ɓallo ƙwaya ta miƙo min da kofi. Na ce a ajiye zan sha. Ta ce za ta jira. Muka zauna, ita riƙe da kofi, ni ina kallon silin. Na san wannan taurin kan, na san kuma ba ya gajiya, don a jikina yake. Na karɓa na haɗiye. Ta ce kullum ne, ko kai yana ciwo ko ba ya yi, har ƙarshen rai. Na ce na ji, ba kurma ba ce ni.

Kwanakin da na yi a can, kowace safiya likita mai sanƙo yakan zo da ɗalibai ya ce in faɗi wata magana su ji yadda harshen yake. Ranar farko na faɗi abin da ya ce. Rana ta biyu na ga yaran a tsaye ba abin yi, sai na ba su labarin angon tun daga farko, da muryar suruka da komai. Suka manta da sauran marasa lafiya. Daga ranar bai sake cewa in gwada ba, da ya leƙo sai ya ce harshe lafiya lau, ya wuce da sauri.

Ita ta mayar da ni gida a motarta. Na zauna a baya, ƙanwata a gaba, don kada a ce asibiti ya cire min kunya gaba ɗaya. Washegari na ɗora miyar kuka da kaina. Waccan ta tsaya a bakin murhu, ta nuna min iyakar gishirin da ɗan yatsa, ta kwashe dunƙulen ta zuba a jakarta. Na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, na yi duk dabarar da na sani. Da ta nuna na zuba mana a kwano ɗaya, na ce wa ƙanwata ta gaya wa baƙuwa ta matso, tuwo yana hucewa. Ƙanwata ta ce ita ta ajiye wannan aikin, ba a biyan ta, kowa ya yi da bakinsa.

Waccan ta matso ta wanke hannu. Na kai loma, na tauna, na haɗiye da ƙyar.

"Wannan ai ruwan sama ne aka kaɗa wa kuka," na ce mata.

Ta ɗanɗana. "Gaskiya ba daɗi, Yaya."

Na ce to ta rubuta wannan ma ta kai musu ƙasashen waje. Ta ce za ta rubuta. Ta gutsuro tuwo ta tura min ɓangaren da ya fi miya, muka ci gaba da ci.